Ra'ayinmu: A share wa ƴan matan Damana fili

A shekarar 2022, can Amurka, Aminatu Saini ta zo ta huɗu a tseren duniya na mita 200, Nijar ta yi murna. Akwai masu ganin hanyar samun irinta ita ce a tsamo ƴan mata goma a riƙa kai su gasa Yamai.

To, sauran fa? A Damana, yarinyar da ba a zaɓa ba sai ta koma ga tulu da turmi. Wadda aka zaɓa ma, ba kowane uba ne zai sake ta bisa hanya ba, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Mu dubi kokowa. Tun gasar ƙasa ta farko a Tawa, a 1975, gwanayenta a dandalin ƙauye suke tasowa, bayan girbi, inda ba a korar kowa.

Saboda haka muna roƙon hukumar Tondikandiya da malaman lakwal su share fili, su ware yamma guda kowane mako, kowace yarinya ta taɓa ƙwallon hannu. Karawa ta fara tsakanin garuruwan da amalanke ke kaiwa, kowa ta kwana gidansu.