Ajiyar da Ba a Gwada Ba



A ce makarantarku, a Daura ko Mai'adua ko Sandamu, tana adana sunayen ɗalibai da sakamakon jarabawa a rumbun bayanai, cikin babbar kwamfutar da ake kira uwar garke. Mai kula da ita yakan ɗebi kwafin komai, ya matse shi da manhaja irin gzip don ya rage girma, ya ajiye a wani wuri. Rannan wuta ta zo da ƙarfi, kwamfutar ta ƙone. Yaya za a zuba wannan matsattsen kwafi a wata uwar garken?

Da farko a tabbatar fayil ɗin ya iso lafiya. Akwai lissafin da ake kira SHA-256, mai fitar wa kowane fayil wata doguwar lamba kamar tambarin yatsa. In lambar da aka samu kafin tura shi ta yi daidai da ta bayan isowarsa, babu abin da ya lalace a hanya.

Sai a duba wuri, domin fayil in aka warware shi yakan ninka girmansa sau da yawa. A kuma duba cewa manhajar rumbun da ke sabuwar kwamfutar iri ɗaya ce da ta da, kuma ba tsohuwar fitowa ba ce. Daga nan a buɗe rumbu fanko, a warware fayil ɗin, a zuba.

Akwai tarkon da ya shafe mu Hausawa. In ba a zaɓi tsarin haruffa na UTF-8 ba, ƙ da ɗ da ɓ suna iya rikiɗewa, sai ka ga Ɗanladi ya koma alamar tambaya da “anladi”. Don haka bayan an gama a ƙirga ɗalibai, a buɗe sakamakon wasu, a karanta sunaye.

Me zai faru in ba a taɓa gwada duk wannan ba? Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, inda masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ya goge kusan gigabait 300 na bayanai bisa kuskure. Da aka je ɗauko ajiya, sai aka tarar wayam: manhajar da ke ɗibar kwafin tsohuwar fitowa ce, ta daina aiki ba wanda ya lura. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka awa 6 kafin nan, yana kan wata uwar garke. Dawo da shi ya ci kusan awa 18, aikin waɗancan awa 6 kuwa ya tafi ke nan.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Manomin kirki kan jiƙa 'yan ƙwayoyin iri ya ga ko za su tsiro tun damina ba ta faɗi ba. Ku tambayi malaminku na kwamfuta: yaushe aka gwada mayar da ajiyar makarantarmu a wata kwamfuta? Ku ma ku matse fayil ɗaya, ku kai shi wata na'ura, ku warware, ku ga ko ya buɗe.

Sai mako mai zuwa.