Tafinta Ya Ƙi Magana: Kukan Ɗaliban Kudancin Kano

Duk wanda ya taɓa shiga motar Kwanar Ɗangora ranar da aka ba da hutu, ya gan mu. Wasunmu za su sauka a Bebeji ko Kiru, wasu sai Tudun Wada, wasu kuwa sai sun ratsa dajin Falgore kafin su ga Doguwa ko Riruwai. Kowa rungume da jaka a cinya kamar mai jego, cikinta kuwa kwamfuta ce ta gwanjo, wadda wani Bature ya gama cin moriyarta kafin ta iso kasuwar Kano. Buhunan masara aka sayar aka saya mana, wani kuma ɗan maraƙin gidansu ne ya tafi. Da yawa daga cikin waɗannan injuna Windows 7 ce a kansu, don ita ce suke iya ɗauka ba tare da nishi ba. A kan wannan muke so 'yan uwa ɗalibai da malamanmu su ba mu aron kunnuwansu.

Ga waɗanda ba fanninsu ba ne, bari mu ɗan warware. Kwamfuta ba ta jin harshen da muke rubuta mata umarni da shi, ko C ne ko waninsa. Sai an sami tafinta, watau manhajar da ke juya rubutun ɗalibi zuwa lambobin da injin ke ganewa. Tafintan nan kuwa ba shi kaɗai yake aiki ba, ayari ne. Akwai mai share fage, wanda ke ɗebo guntayen rubutun da aka ambata a saman shafi. Akwai shi tafintan kansa. Akwai mai mai da fassarar zuwa lambobi zalla, sa'an nan akwai maɗinki, wanda ke haɗa aikin ɗalibi da ɗinkakkun ayyukan da magabata suka tanada. Dukansu suna zaune ne bisa uwar manhaja, irin su Windows ko Linux, kamar yadda rumbu ke zaune bisa duwatsunsa. In dutse ɗaya ya goce, ɗalibi ba zai ga ko da gaisuwa a fuskar injinsa ba.

To, masu ƙera waɗannan kaya sun daɗe da juya wa injunanmu baya. Kamfanin Microsoft ya saki Windows XP a Afrilun 2014, ya saki Windows 7 ranar 14 ga Janairun 2020. Sauran suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Python 3.9, wadda ta fito a Oktoban 2020, ba ta shiga Windows 7 ko an roƙe ta. Visual Studio Code ta tsaya a fitowa ta 1.70 cikin 2022, Chrome ta tsaya a ta 109 a farkon 2023, harshen Go kuma ya rufe ƙofa daga fitowarsa ta 1.21 a Agustan wannan shekarar ta 2023. Ita ma Windows 10 da wasu ke taƙama da ita an yaye ta ranar 14 ga Oktoban 2025.

Yanzu a dubi halin ɗalibin da aka ba shi aikin hutu, aka ce ya sauko da sabuwar fitowa daga intanet. Ya hau tudu a bayan gari yana neman sabis, ya ƙona kuɗin data da aka ranto, kayan suka sauko bayan sallar isha'i, sai injin ya ce ba zai karɓa ba. Ya koma ya nemo Python 3.8, wadda ita ce ta ƙarshe da ke zama da Windows 7, sai aka ce masa wani fayil mai dogon suna ya ɓata. Fayil ɗin nan yana cikin wani gyara ne mai lamba KB2999226, shi kuma gyaran ba ya shiga sai an riga an sa babban gyaran da ake kira Service Pack 1, na shekarar 2011, wanda shi kaɗai ɗaruruwan megabait ne. Wani lokaci ma duk ba wannan ba ne: ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogon injin ne ya mutu, kwanan wata ya koma baya da shekaru, shafukan intanet suka ƙi amincewa da shi. Wa zai gaya wa yaro ɗan aji ɗaya wannan? Ranar da aka dawo, sai ya kwafi aikin abokinsa na birni, ya sauya suna, ya miƙa. Ya ci jarrabawa, amma bai taɓa ganin rubutun hannunsa ya yi motsi ba, kuma haka zai kai aji huɗu.

Abin takaicin shi ne, darasin da ake koya mana bai buƙaci sabon inji ba. Dennis Ritchie ya ƙago harshen C a wajen 1972 a kan injin PDP-11, wanda ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ko megabait ɗaya ba. Mafi lalacewar injin da ke jakarmu ya ninka shi sau dubbai. Tafintan GCC, wanda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, kyauta ne, kuma tsofaffin fitowarsa suna nan ba wanda ya ɓoye su. Code::Blocks 20.03 tana zuwa da shi a ƙunshe, tana kuma aiki lafiya lau a Windows 7. Akwai ma wani ɗan ƙaramin tafinta, Tiny C Compiler, na Fabrice Bellard ɗan Faransa, wanda ƙunshinsa bai kai megabait guda ba. Lissafin maki ko jera sunaye bi da bi, duk waɗannan za su yi shi ba gardama.

Mun san abin da za a ce mana, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce tsohuwar uwar manhaja gida ce marar ƙyaure, a tuna mana da cutar WannaCry ta watan Mayun 2017, wadda yawancin injunan da ta kama Windows 7 ke kansu. Haka ne, shi ya sa ba mu ce kowa ya riƙa shiga asusun bankinsa da irin wannan inji ba. Amma fassara aikin C ba ta buƙatar intanet ko kaɗan. Za a kuma ce a koma Linux. Madalla, mu ma shawararmu ke nan ga duk wanda injinsa mai bit 64 ne, don a can zai sami sabon GCC ba da ko kwabo ba. Sai dai a sani can ma ana ta rufe ƙofofi, domin Debian 13 ta Agustan 2025 ba ta fito da faifan sakawa na injuna masu bit 32 ba, sai mutum ya koma wa Debian 12. Kuma wanda bai taɓa raba faifan inji ba, in aka bar shi shi kaɗai a ƙauye, hotunan bikin yayarsa da takardunsa duka zai share.

Akwai masu ganin cewa bin tsohon inji koma baya ne. Mu dai a garejin bakin hanya muka ga akasin haka. Makanikin da ya raya tsohuwar Fijo shekara da shekaru ya fi sanin cikin mota bisa ga wanda aikinsa sauya sabon kaya da sabo. Ɗalibin da ya sha fama har ya gane dalilin da ya sa injin ke cewa bai san gcc ba, ya je ya nuna masa hanyar da tafintan yake zaune, ya koyi abin da allo ba ya koyarwa. Illa dai kada a bar shi ya koya cikin duhu, da kuɗin masarar ubansa.

Roƙonmu ga sassan da ke koyar da wannan fanni shi ne, kafin a ba da aiki a tambayi irin injunan da ke hannun 'yan aji, a kuma faɗi mafi tsufar fitowar da za a karɓa. Ga Ƙungiyar Ɗalibai kuwa, muna neman filas guda biyu ko uku a ofishinta, ɗauke da Service Pack 1, da gyaran nan mai lamba, da Python 3.8, da Code::Blocks, da Debian iri biyu, tare da takarda shafi ɗaya cikin Hausa mai bayanin wanda ake fara sawa da wanda ke biye. A ware yammacin Asabar ɗaya kafin hutu, 'yan aji uku da huɗu su zauna da ƙannensu, kowa ya ga injinsa ya fassara aiki ɗaya a gabansa kafin ya nufi tasha. Mu 'yan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa mun ɗauki nauyin zama na farko, har da sayen batiran agogo guda goma.