Takalmin Da Aka Cire Ba Ya Tsare Ƙafa

Yau na ajiye maganar kuɗin haya da ta rusau, zan yi magana a kan takalmi, wato dogon takalmin roban nan da muke kira takalmin ruwa. Na san wani zai ce duk abubuwan da suka ishe mu a garin nan sai takalmi? To a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe, sannan a yanke mani hukunci.

Tun da aka dawo da babban birnin ƙasa daga Legas a watan Disambar 1991 mutanenmu ke kwarara nan neman abinci. Wasu suna kasuwa, a Wuse da Garki da Dei-Dei. Wasu sun kama lambu a bakin rafuffuka, wajen Gwagwa da Karmo da Kubwa har zuwa Gwagwalada, suna noma alayyafo da latas da yakuwa da tumatir. Wasu suna renon fulawa a bakin titi suna sayarwa. Wasu kuma gadi suke yi a gidajen manya a Maitama da Asokoro da Gwarimpa, kuma duk wanda ya san gadin Abuja ya san ba ya zuwa shi kaɗai: kai ne mai ban ruwan fulawa, kai ne mai yanke ciyawa, kai ne mai fita yawo da karen oga safe da yamma. Duk waɗannan bayin Allah ƙafarsu ce jarinsu, amma in ka duba ƙafar, silifa za ka gani, wani ma ko ita babu.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, kayan aikin gona da na gini yake sayarwa, ni kuma tun da na gama sakandare nake zaman shago tare da shi. A zaman nan na lura da wani abu. Mutanenmu ba ƙin sayen takalmin ruwa suke yi ba. Suna saye, su sa kwana uku, ya ƙona masu ƙafa ko ya ci masu dunduniya, sai su jefa shi bayan ɗaki su koma wa silifarsu, suna cewa ai wannan kayan Turawa ne. Ra'ayina shi ne, wajen zaɓe ake yin asarar. Takalmin da ba ya yi maka daɗi cire shi za ka yi, kuma wanda ka cire ba abin da zai tsare maka. Saboda haka daɗin sawa da ƙarko duk ɗaya suke wajen muhimmanci.

Me ake gudu da har za a dame mu da takalmi? Na farko maciji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin mutum 81,000 zuwa 138,000 ne ke mutuwa duk shekara a duniya sanadin saran maciji, kuma a 2017 ta sanya shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su. A nan Arewa, kowa ya san kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa. Saboda ita ne aka yi asibiti sukutum na masu saran maciji a Kaltungo ta Jihar Gombe. Manomi galibi a ƙafa ko a ƙwauri ake saransa, domin taka abin yake yi bai gani ba. Ban ce roba sulke ba ce, amma tsakanin haƙorin maciji da fatarka, gara a ce akwai roba mai kauri da safa.

Na biyu ruwan kansa. Mai lambu wuni yake a cikin ruwan rafi, kuma a irin wannan ruwa ne ake ɗaukar tsargiya, ciwon nan da ke sa fitsarin jini, domin ƙwayar cutar ta fata take shiga. Ga cin ruwa a tsakanin yatsu. Ga fasassun kwalabe da ƙusoshi da ruwan sama ke kwasowa daga cikin gari ya zube a rafi. Ga maganin feshi na ciyawa da na ƙwari, wanda mutum ke fesawa yana taka shi da ƙafa a buɗe. Shi kuma mai yawo da kare, da asuba da almuru yake fita, kare na jan sa cikin ciyawa, ga kashin karnuka a ko'ina, wanda shi ma yana ɗauke da tsutsar da ke shiga fata.

Masu cewa kayan Turawa ne, suna da 'yar gaskiyarsu. A 1844 wani Ba'amurke, Charles Goodyear, ya yi rajistar hanyar dafa danƙo da farar wuta don ya yi ƙarfi, daga nan takalmin roba ya yaɗu a Turai. A yaƙin duniya na ɗaya, 1914 zuwa 1918, wani kamfani a Edinburgh ta Sikotilan ya yi wa sojojin Birtaniya sama da ƙafa miliyan ɗaya, saboda ƙafafunsu na ruɓewa a ramukan yaƙi masu ruwa da taɓo. Wato su sanyi da laima ne matsalarsu. Mu kuwa ga laima ga zafi, domin a watan Maris zafin Abuja kan haura digiri 35, damina kuma ta fi ta Kano tsawo, daga wajen Afrilu har Oktoba. Don haka ba kowane takalmi ne ya dace da mu ba, sai an zaɓa.

Ga yadda nake ganin ya kamata a zaɓa. Ka je kasuwa da yamma, bayan ka wuni a tsaye, domin a lokacin ƙafa ta ɗan kumbura, kuma girmanta na aiki ke nan. Ka tafi da safar da za ka riƙa sawa, mai kauri ta auduga. Ka gwada ƙafa biyun duka, ka miƙe ka yi taku goma. A gaban babban yatsa a sami fili kamar faɗin babban yatsan hannu. In dunduniya na fita tana komawa sosai, ya yi maka yawa, zai yi maka bororo. In ya matse ka, kada mai kaya ya ce maka zai buɗe, roba ba fata ba ce, ba ta buɗewa. A wajen ƙwauri kuma ka tabbata yatsu biyu na shiga, don iska ta samu hanya kuma ka iya cusa ƙafar wando.

Bayan nan ka cire shi ka lanƙwasa daidai inda ƙafa ke lanƙwasawa. In ka ga farin layi ko ƙananan tsagu, ajiye shi, nan zai fara fashewa. Ka juya ƙasan ka duba zanen: in ba shi da zurfi, jar ƙasar Abuja za ta kayar da kai ranar da aka yi ruwa. Ka leƙa ciki, wanda aka shimfiɗa wa ƙyalle ya fi shan gumi, ya kuma fi sauƙin cirewa. Yawancin waɗanda ke kasuwa robar PVC ce, ta fi araha, amma ta fi tauri. Na danƙon asali ya fi laushi da daɗin tafiya, sai dai ya fi tsada, kuma ba ya shiri da fetur ko baƙin mai. In gwanjo za ka saya, ka nemi bokitin ruwa ka danna shi ciki, hannunka na ciki, ka ji ko laima na shiga, domin roba tana tsufa ko da ba a sa ta ba.

Aikin mutum shi ke zaɓa masa takalmi. Mai lambu da mai feshi dogo suke buƙata, wanda ya kusa kai gwiwa. Mai yawo da kare tafiya ce mai nisa a gabansa, mafi yawa a kan kwalta, don haka ya nemi mara nauyi, mai laushin ƙasa, wanda ya kai tsakiyar ƙwauri, ya ƙara masa shimfiɗar soso a ciki. Akwai wanda ake buga wa alamar S5, mai ƙarfe a baki da kariyar ƙusa a ƙasa. Wannan na masu aikin gini ne. Na sha ganin mutum ya ɗaga shi ya ji nauyi ya ce wannan ne mai kyau. Ka yi yawon awa ɗaya da shi a bayan kare, gobe da kanka za ka ajiye.

In an saya kuma sai a kula. A wanke taɓo bayan aiki, a shanya a inuwa, domin rana ce ke busar da roba ta tsage. A kafa sanduna biyu a kifa shi a kai. In cikin ya jiƙe a cusa tsohuwar jarida ta kwana. Safa ta zama ƙafa biyu, ana wanke ɗaya ana sa ɗaya. In ya huje tun yana ƙarami a kai wa mai faci. Babban abu kuma, kada ka taɓa zura ƙafa da safe ba ka juya shi ka kakkaɓe ba, domin kunama na son irin wannan ɗaki. Wani amfanin kuma, ga mai hulɗa da kare: in lokacin salla ya yi, ka cire takalmin aiki ka ajiye can, ka sa silifarka mai tsabta, hankalinka kwance.

Wani dattijo zai ce kakanninmu sun yi noma ba takalmi kuma sun rayu. Baba, Allah Ya ƙara girma, amma a zamaninsu babu kwalba a rafi, babu maganin feshi, kuma ba don wasa suka sa wa maciji suna gobe da nisa ba. Wani zai ce babu kuɗi. Wannan gaskiya ne, sai dai araha ba ta ado. Mai rahusar da zai fashe sau uku a damina ɗaya ya fi mai kyau guda tsada, balle a yi maganar kuɗin asibiti da kwanakin da za ka yi ba ka fita nema ba. Masu lambu na da ƙungiyoyi da adashi, me zai hana a haɗa kuɗi a sayo dozin a farashin sari, kowa ya gwada nasa?

Maganata ta ƙarshe ga masu gida ce, har da 'yan uwanmu Hausawa da Allah Ya buɗa wa. Wanda ke iya sayen abincin kare na buhu da biyan likitan dabbobi, bai kamata a ga yaron da ke jan karen da tsinkakkiyar silifa ba. Takalmi kayan aiki ne kamar tiyo da almakashin fulawa, mai aiki ne ya kamata ya saya. Ku kuma 'yan uwa, ku faɗa tun ranar da ake cinikin albashi, cikin ladabi, ba roƙo ba ne. In kuma tsautsayi ya faɗa maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hanzarta da shi asibiti.

Allah Ya tsare mana lafiyarmu, Ya sa albarka a nemanmu, Ya mayar da kowa gida da alheri. Wassalam.