Hasken Rana da Ruwan Tafkinmu

Duk ɗan ƙasar Daura ya san cewa labarin garinsa da matsalar ruwa ya soma, a bakin rijiyar Kusugu. Har yau kuwa akwai ƙauyukan da mutum da dabba ke shan tafki ɗaya, alhali ranar da ke dukansu tana iya taimakawa wajen tsarkake ruwan.

A 1972 masana biyu na Japan, Fujishima da Honda, suka nuna cewa idan haske ya sauka bisa sinadarin titaniyam dayoksayid, watau farin garin nan da ake zubawa cikin fenti, yana iya raba ruwa gida biyu, haidurojin da oksijin. Daga baya aka gane yana kashe ƙwayoyin cuta, yana kuma wargaza rini da guba. Amma yana da aibi biyu. Ba ya cin moriyar hasken rana sai ɗan kashin da ido ba ya gani, wanda bai wuce 5 cikin 100 ba. Sa'an nan cajin lantarkin da haske ya tayar cikinsa yakan mutu tun bai yi aiki ba. Saboda haka aka shiga haɗa shi da wani sinadari irinsa, ɗaya ya kama haske ya miƙa wa ɗaya cajin. Daga 2009 an ƙara mai da hankali ga kabon naitarayid, wanda ake iya samu ta gasa yuriya a zafin digiri wajen 550. Yuriyar nan dai da manomanmu ke zuba wa gero!

Kada mu ruɗi kanmu. A 2021 Japanawa sun shimfiɗa faifai na murabba'in mita 100 domin samar da haidurojin, abin da suka kama na ƙarfin rana bai kai 1 cikin 100 ba. Wasu haɗe-haɗen kuma na ɗauke da kadmiyam, wanda shi kansa guba ne, ga wahalar tace garin daga ruwa bayan ya gama aiki.

Abin da ya fi damunmu shi ne, galibin gwaje-gwajen da shuɗin rini ake yinsu, cikin ruwa garai, ƙarƙashin fitila. Muna kira ga ɗaliban kimiyya na Zariya da Kano da Katsina su bar wa ƙasashe masu kuɗi neman haidurojin, su ɗebo ruwan tafkin Mai'aduwa ko Baure da lakarsa, su gwada shi a fili cikin hazon hunturu, su miƙa wa ma'aikatan hukumar ruwa sakamakon, ko da bai yi daɗi ba.