Zato Ba Hujja Ba Ne: Darasi Daga Titunan New York

Hausawa na cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A ganina, duk muhawarar da ake tafkawa a Amurka kan yadda 'yan sanda ke tare mutane a titi suna lalube su, a kan wannan kalma ta zato ta rataya.

A shekarar 1968 Kotun Ƙolin Amurka ta halatta wa ɗan sanda ya tsayar da mutum ya lalube shi ba da takardar kotu ba, muddin yana da zato mai tushe da zai iya bayyanawa. Sai dai kalmar tana da laushi, kowa na iya tanƙwara ta.

A 2011 kaɗai, 'yan sandan birnin New York sun tare mutane sau fiye da 685,000. Da maganar ta kai kotu a 2013, Mai Shari'a Shira Scheindlin ta nazarci tarewa miliyan 4.4 da aka yi daga 2004 zuwa 2012. Kashi 52 cikin ɗari na waɗanda aka tare baƙar fata ne, alhali ba su kai rubu'in mazauna birnin ba. Kashi 88 kuma an sallame su ba a tuhume su da komai ba. Dalilin da jami'ai suka fi bayarwa shi ne wai mutum ya yi motsi irin na marar gaskiya. Wane ma'auni ke gare wannan lafazi? Inda ma'ana ta ɓace, launin fata ke cike gurbin. Kotun ta ce tsarin ya saɓa wa kundin mulki.

Magajin garin na lokacin, Michael Bloomberg, ya dage cewa laluben na raba matasa da bindigogi. Amma da tarewar ta ragu zuwa kimanin 12,000 a 2016, kisan kai bai ƙaru ba: daga 515 a 2011 ya sauko zuwa 292 a 2017. A 2019 Bloomberg ya nemi afuwa.

Mu ma a Nijeriya zanga-zangar adawa da rundunar SARS ta 2020 ta nuna mana inda ake ƙarewa idan askin matashi ko wayarsa suka zama shaida. Ko shakka babu, tsaro na bukatar bincike. Amma wajibi ne doka ta tilasta wa jami'i ya faɗi abin da mutum ya aikata, ba wanda ya yi kama da shi ba.