Dajin Kagoro Da Rijiyoyin Manchok

Da yawa cikin masu ɗiban ruwa a rijiyoyin Manchok ba su san bashin da duwatsun Kagoro ke bin su ba. Itatuwan da suka lulluɓe duwatsun nan su ne ke rage ƙarfin ruwan sama, saiwoyinsu su buɗe masa hanya ya nutse cikin ƙasa, sa'an nan ya riƙa tsattsafowa a rijiyoyi da ƙoramu har tsakiyar rani.

To, amma ga masu gawayi da masu yankan katako sun sa dajin a gaba. In aka aske dutse, ruwa sai ya kwashi ƙasa ya wuce, rijiya ta ƙafe tun bazara ba ta yi ba.

Hukuma ta daɗe da keɓe gandun dajin Kagoro da Nindam, ta kuma soma dashe a Nimbia tun 1957. Dokar ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa wa Gwamna amanar filayen jiha. Saboda haka ya kamata Gwamnatin Kaduna ta sake shata iyakokin gandun, ta ƙara malaman daji, ta kuma jawo sarakunan Marwa da Kagoro cikin aikin tsaro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.