A Yafa Irin Tumatir Tun Agusta

Masu lambu a Kambarawa sun saba jiran ɗaukewar ruwa kafin su yafa irin tumatir. Kuskure ne, gama sai na kowa ya nuna lokaci guda, kwando ya yi arha a kasuwar Katsina, wahala ta tashi a banza.

Wai ruwan Agusta yana kashe iri. Haka ne, amma a fangali mai kwari. A tara ƙasa da ruɓaɓɓen taki a yi tudu, bisansa inci 6, faɗinsa ƙafa 3. A lanƙwasa tsumagu a kai kamar baka, a rufa da ciyawa sama-sama; in ta yi kauri iri zai yi tsawon banza. Bayan mako 3 a yaye ciyawar ya saba da rana, mako na 5 a dasa bisa kunya.